Ranar Da Aka Zo Gaisuwar Mutuwata

Aikin farko da aka ba ni a gaban kyamara shi ne in kawo wa baƙo ruwa. In fito daga ɗaki da kwanon sha, in durƙusa, in ajiye, in ce sannu da zuwa, in koma. Shi ke nan. Sau goma sha ɗaya na kawo ruwan nan. Na farko na zubar da rabi a hanya. Na biyu na kalli kyamara na yi mata murmushi kamar mun saba. Na uku komai ya yi daidai, sai zakaran maƙwabta ya ga ai shi ma yana da abin faɗa. A na bakwai, baƙon, wanda ba a gaya masa ya riƙa kurɓa kawai ba, ya ce a yi masa afuwa zai zaga. Da aka nuna wasan a talabijin, hannuna kaɗai ya fito da gefen zanena. Duk da haka sai da na bi dangi gida-gida ina tambaya ko sun gane hannun.

Na fara da wannan ne saboda ku, yaran nan da kuke zuwa mini da waya a hannu kuna cewa, "Hajiya, ni ma ina so in shiga harkar, ai na iya kuka." Kowa ya iya kuka. Jariri ma da shi yake isowa. Ki yi shi sau shida iri ɗaya tukuna, rana na dukan ki, yaran unguwa sun hau katanga suna kwaikwayon ki, kuma kina sane ba ki karya kumallo ba. Sunana Rakiya, amma in kun shiga birnin Zariya kuna neman Rakiya za ku wuni kuna yawo. Ku ce Gwaggo Marka mai daddawa, ko ɗan acaɓa zai kawo ku ƙofar gidan nan.

Gwaggo Marka ita ce tsohuwar da na fito a matsayinta a wani wasa da ake nunawa duk daren Alhamis. Tana bin gidaje da ƙwaryar daddawa a kai, ta sayar da ta kwabo, ta bar musu gulmar da za ta raba zumuncin shekara goma. Shekararta saba'in. Ni kuwa lokacin da na fara ta ban kai talatin ba.

Wadda ta koya mini aikin ita ce Yaya Azumi, wata ta Tukur-Tukur da ta riga mu shiga wasa tun yana rediyo. Shekara biyu ina ɗaukar mata ƙunshin kaya kafin ta yarda na iya wani abu. Ba ta taɓa zaunar da ni ta ce ga darasi ba. In ana biki ko suna sai ta ja ni, ta zaunar da ni kusa da ƙofa ta ce, "Kada ki ci komai, kalli tsofaffi." Na kalli yadda tsohuwa take zama: hannu ne ke fara sauka a gwiwa, sannan ta ce wash Allah, sannan sauran jiki ya biyo baya. Na kalli yadda take kwance bakin zane ta ciro goro, ta gutsura, ta mayar da sauran ta ƙulle kamar zinariya. Na kalli yadda mai gulma take duba hagu da dama, ta matso, ta ce, "Ba don a ce ni na ce ba," alhali so take a ce ita ta ce. Yaya Azumi takan ce mini tsufa a gwiwa yake, fuska rakiya kawai take yi. In na miƙe da sauri a tsakiyar wasa, sai in ji mafici a bayana.

Kayan aikinmu ba a kanti ake sayen su ba. Toka ce ta murhu, a tankaɗe ta da rariya, a kwaɓa da ɗan man kaɗanya a shafa a gira da gaban goshi inda gashi yake leƙowa. Gawayi mai tsini na zanen tamoji, biyu a goshi, biyu a gefen baki, sannan a murza da yatsa don kada a ga kamar an yi wa mutum tsagen gado. Goro na rina haƙora. Albasa a ƙulle a bakin kallabi saboda hawaye. Zanen Gwaggo kuwa hannun wata tsohuwa ta gaske muka karɓe shi muka ba ta sabo, ta tafi tana yi mana kallon mahaukata. Kyamara ɗaya ce, saboda haka shigar zaure yau za a ɗauka, isa tsakar gida sai wani mako a wani gidan dabam. Akwai ranar da na manta na ɗaura wani zanen. Da aka nuna, Gwaggo ta shiga zaure da shuɗi ta fito tsakar gida da ja. Wata uku mata suna tambayar Yaya Azumi ko tsohuwar nan a zauren mutane take canja kaya.

Rubutaccen labari kuma babu. Ku yanzu ana ba ku takarda ku haddace, har ku yi ƙorafin ta yi tsawo. Mu daraktanmu Malam Iro zaunar da mu yake yi a gindin bishiya ya ce, "Ke za ki shiga ki haɗa su faɗa a kan akuya. Ku biyu ku yi faɗan. Kai ka shigo ka raba, amma kada ka raba da wuri." Sauran magana daga kanki za ta fito, kuma duk abin da abokin wasa ya jefo miki dole ki cafe, ba a cewa dakata in yi tunani. Ku riƙe wannan, don shi ya jawo abin da zan ba ku labari.

Masu kallonmu ba irin na yanzu ba ne da kowa ke ƙunshe da wayarsa. Talabijin ɗaya ce a unguwa, a fito da ita ƙofar gida a ɗora a kan benci. A ƙauyukan bayan dutsen Kufena da batirin mota ake kunna ta a gidan mai unguwa, maza a gaba, mata a baya, yara a ko'ina. Da yawansu ba su ɗauki abin wasa ba. In na wanke fuska ba mai gane ni, sai 'yan cikin birni da suka san asalina, su ma in na shiga gidan biki sai in ga hira ta mutu, ana taɓa juna.

Aure ya kawo ni gidan Baba Malam, mahaifin maigidana. Babban malami ne, daga asuba yana zaure a kan buzu, littattafai sun kewaye shi, manyan mutane masu furfura suna zuwa ɗaukar karatu. Gidan babu talabijin, kuma ba wanda ya taɓa kawo maganar a saya. Maigidana, malamin firamare ne shi, ya sha zufa kafin ya iya gaya masa sana'ar matar da ya auro. Baba Malam ya sa aka kira ni, na durƙusa daga bakin ƙofa.

Ya ce, "Rakiya, abin da ban gani ba, ba zan yanke masa hukunci ba. Amma ga sharaɗi. Wasanki ya tsaya a waje. Ranar da ya tsallako dokin ƙofar zauren nan, ranar kin ajiye shi."

Na ce, "Na ji, Baba."

Shekara shida ina riƙe da sharaɗin nan kamar ƙwai. Ƙunshin kayan Gwaggo a gidan Yaya Azumi yake kwana. Can nake shiryawa, can nake wanke fuska da sabulun salo har sai ta yi zafi kafin in kamo hanyar gida. Ko muryar tsohuwar ban taɓa yi wa 'ya'yana ba, duk naci irin nasu.

Sai muguwar shekara ta zo, kuma da alheri ta zo: na samu cikin 'yata ta uku. Cikin biyun farko sun faɗo lokacin da ake hutun wasa, wannan kuwa ana tsakiyar ɗauka. Wata huɗu ba wanda ya lura. A na biyar Malam Iro ya ce in sauke ƙwaryar daddawa daga kai in riƙe ta a gaba. A na shida aka sayo babbar ƙwarya. A na bakwai Gwaggo ta koma yin gulma daga bayan turmi, daga nan sai ta bayan zana, kai kaɗai ke leƙowa. Da aka shiga na takwas aka kwantar da ita ciwo aka lulluɓa mata bargo, sai bargon ya yi tudu kamar an kifa tukunya a ƙarƙashi.

Malam Iro ya cire hularsa ya ce, "Rakiya, tsohuwar nan mijinta ya rasu tun kafin a haifi rabin masu kallonmu. Ba ni da bayanin da zan yi wa jama'a. Mutuwa za ta yi."

Na roƙe shi ya tura ta ƙauye ganin dangi, ko ya kai ta aikin Hajji ta daɗe ba ta dawo ba. Ya ce mutuwa ta fi jan mutane. Na ji zafi, ba zan ɓoye muku ba. Shekara shida ina raya baiwar Allahn nan da toka da gawayi, a gindin bishiya aka yanke mata hukunci cikin minti biyu. Na kwanta na yi shaƙuwa uku, na saki hannu kamar yadda Yaya Azumi ta nuna mini, na tashi na wanke fuska na tafi gida.

Ɗaukar makara ba na wurin, buhun dusa aka sa a madadina. Daga baya aka ba ni labari. Wanda yake fitowa a ɗan Gwaggo wani tela ne mai suna Tanimu, mutumin kirki, amma in ya shaƙi albasa kansa kullewa yake yi. Ana fita da makara, sai mai fitowa a maƙwabci, don dai kada wurin ya yi shiru, ya jefa masa tambaya: "To ina za a yi zaman makoki, kuma yaushe sadakar uku?" Tanimu ya laluba kansa bai samu gidan ƙarya ba. Gidan Gwaggo ɗaya ya sani a duniya, wato gidan aurena. Cikin kuka ya ce, "Ranar Lahadi, gidan Malam mai durumi a ƙofa, in ka shigo ta Ƙofar Doka ka tambaya kowa ya sani." Batirin kyamara ya kusa ƙarewa, rana ta yi sanyi, Malam Iro ya ce a bar shi haka, wa zai kula.

Na haihu ranar wata Lahadi. Alhamis ɗin da ta biyo baya aka nuna mutuwar Gwaggo. Gidanmu ba talabijin, ina ɗaki ina shan kunun kanwa, ban san me ake ciki ba. Yaya Azumi ta gani, ta ce bari ta yi shiru, wataƙila Allah Ya rufa asiri. Lahadin da ta zagayo kuwa ita ce ranar suna.

Da sassafe aka raɗa wa yarinya suna Hauwa'u, aka yanka rago aka rataye, aka raba goro. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida har gindin durumi, maroƙi yana ta aikinsa. Da hantsi sai ga akori-kura ta tsaya cike da mutane, kekuna na biye da ita. Mutanen wani ƙauye ne daga bayan Kufena, sun kai talatin, da damin gero da ƙoren hatsi. Suka ga tabarmi, suka ga taro, suka ga rago a rataye, suka ce lallai nan ne, kuma an yi wa marigayiya gata. Maza suka nufi zaure, mata suka shigo ciki.

Ina zaune a bakin gado, an yi mini lalle, jaririya a cinya, sai wata tsohuwa ta ɗaga labule ta shigo da kaza a hammata, ido ya yi jawur. Iya Hansai sunanta, daga baya na sani. Ta zauna, hannu a gwiwa tukuna, wash Allah, yadda aka koya mini daidai.

Ta ce, "'Yar nan, ya haƙuri? Ke ce 'yarta ko? Ga kama nan a hanci."

Na ce, "'Yar wa, Iya?"

"Marigayiya mana, Marka." Ta leƙa fuskar jaririya ta girgiza kai. "Allahu Akbar. Ɗaya ta tafi, ɗaya ta zo. Ina fata sunanta aka mayar."

Na dubi Yaya Azumi, wadda ta zo taya ni zaman suna. Ita kuma ta dubi rufin ɗaki kamar yau ta fara ganin azara. Nan take na gane komai. Wasa bai tsallako zaure kawai ba, ga shi a ɗakina da kaza.

Iya Hansai ta share hawaye da bakin mayafi ta ci gaba. "Bakinta ba ya shiru, Allah Ya yafe mata. Ta raba mutane sun fi a ƙirga. Amma ni ita ce abokiyar hirata. Tun da 'yar'uwata ta rasu ba ni da mai zuwa ta ba ni labarin gari. Duk Alhamis sai in yi wanka, in ɗaura zanen kirki, in je gidan mai unguwa in zauna daf da akwatin talabijin. Tana magana ina zagin ta. Yanzu wa zan zaga?"



Abin da ya faru a zaure maigidana ne ya ba ni labari, don yana wurin. Shugaban tafiyar, wani dattijon manomi Malam Audu, ya durƙusa gaban Baba Malam ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ya muka ji da haƙuri?" A daidai lokacin maroƙi a waje yana ɗaga murya, "Allah Ya raya! Allah Ya ƙaro na baya!" Baƙin suka dubi juna, ɗaya ya ce mutanen birni dai komai nasu dabam ne.

Baba Malam ya tambayi wanda ya rasu. Da aka gaya masa, ya dubi ɗansa, maigidana ya ce da ƙasa za ta tsage da ya gode mata. Sannan Baba Malam ya yi musu bayani a natse. Ya ce ba wanda ya rasu a gidan nan. Abin da suka gani wasa ne. Wadda take yin tsohuwar matar ɗansa ce, tana ciki da ranta, haihuwa ma ta yi, taron suna suka tarar.

Malam Audu ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ba musu nake yi ba. Amma tsohuwa mai shekara saba'in ta haihu?"

"Ba tsohuwa ba ce. Yarinya ce."

"Malam, da idonmu muka ga an fita da makara. Akwatin nan shi yake nuna mana alhazai a Arfa. Ranar da ya ce an ga wata, mun tashi da azumi. Yau ne zai yi mana ƙarya?"

Wani daga baya ya yi ƙasa da murya, amma kowa ya ji: "Ku ƙyale bawan Allah, zafin rashi ne. Haka yake taɓa manya."

Shekara arba'in Baba Malam yana magana a zauren nan ba a taɓa mayar masa da ita ba. Yau ga shi ana tausaya masa a kan buzunsa.  Can sai ya juyo wajen maigidana ya ce, "Je ka ce wa Rakiya ta fito."

"Baba, ta fito yaya?"

"Ta fito yadda suka san ta."

Maijego ba ta fita zauren maza ranar suna, balle a irin gidanmu. Amma saƙo ya iso, kuma na Baba ne. Kayan Gwaggo suna Tukur-Tukur. Yaya Azumi ta naɗe hannun riga, ta je murhun da ake dafa mini ruwan wankan jego ta ɗebo toka da guntun gawayi. Ta dubi Iya Hansai ta ce, "Iya, ara mana mayafinki da kallabi." Tsohuwa ta miƙa, tana zaton wata al'adar birni ce. A gabanta aka fara. Aka shafa gira, tana kallo. Aka ja layin goshi, ta daina kuka. Aka ja na gefen baki, ta fara matsawa baya da zama. Da na tauna goro na ɗaura kallabinta na rage tsawo, sai ta saki kaza ta kama salati, kaza ta bi ta kan gado ta yi waje.

Na ratsa tsakar gida mata suna darewa. Da na isa dokin ƙofar zaure ta ciki na tsaya. Na ce a raina, Rakiya, wannan shi ne wasanki na ƙarshe, kuma ba Malam Iro da zai ce a sake. To ki yi shi da kyau. Na dafa gwiwa, na tsallaka, na saki muryar nan ta hanci.

"Wash Allah. Salamu alaikum masu gida. A sayi daddawa, ko in wuce da labarina?"

Ban taɓa ganin zaure ya zama fili da sauri haka ba. Ƙofar waje ɗaya ce, mutum talatin suka fita ta cikinta a lokaci guda, har da 'yan birnin da suka san gaskiya, don gudu ba ya tambaya. Takalma suka rage a jere ba masu su. Maroƙi ya ga ana gudu ya bi, bai san dalili ba, an ce sai kusa da ganuwa ya tsaya. Malam Audu kaɗai ya rage, ƙafa ta ƙi ɗaukar sa, yana karanta Ayatul Kursiyyu daga tsakiya.

Baba Malam bai taɓa ganin Gwaggo Marka ba sai ranar. Ya dube ni tun daga kallabi har ƙafa, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Rakiya?"

Na durƙusa na ce da muryata, "Na'am, Baba."

Sai na ga kafaɗunsa suna motsi. Ya ja bakin rawani ya rufe baki, amma abin ya fi ƙarfin rawani. Shekara shida a gidan, ranar na fara ganin haƙoransa.

Da ƙyar aka tattaro mutane. Aka kawo ruwa na wanke rabin fuska a gabansu, rabi tsohuwa rabi maijego, sannan suka yarda. Geron sadaka ya koma na kunun jego, aka zuba musu tuwo da naman suna. Iya Hansai ce kawai ba ta huce ba. Ta tsare ni a ɗaki tana nuna ni da yatsa.

"Kwana uku ina kuka! Ƙulhuwallahu nawa na yi miki, kin sani?"

Na ce, "Iya, ki yi haƙuri. A ajiye mini, wata rana zan bukata."

"To tunda kina da rai, Alhamis mu gan ki."

Na ce mata an riga an kashe tsohuwar, kuma ko ba a kashe ta ba, ni tawa ta ƙare. Ta ce ita ba ta san wannan ba. Kazar ma da aka kamo ta ƙi karɓa, ta ce abin da aka fitar sadaka ba ya komawa gida, a ba jaririya.

Bayan la'asar, da taro ya watse, Baba Malam ya aiko kira na. Na durƙusa a inda na durƙusa shekara shida da suka wuce. Na ce bari in riga shi, ya fi sauƙi.

"Baba, ban manta sharaɗi ba. Na ajiye."

Ya ce, "Ni ma ban manta ba. Cewa na yi ranar da wasa ya tsallako dokin ƙofar nan. To wa ya aika aka kira shi?"

Na sunkuyar da kai.

"Tambayar ki nake yi."

"Kai ne, Baba."

"To ba a kama mutum da abin da aka umarce shi." Ya gyara zama. "Na daɗe ina karantar da haƙƙin mamaci a kan masu rai. Maƙwabci ma sai an yi da gaske yake zuwa. Yau mutane sun bar gonakinsu sun cika mota, sun zo gaisuwar wadda ba su taɓa haɗa hannu da ita ba, wadda kuma ko halin kirki ba ta da shi. Ban san yadda kika yi ba, amma ba aikin banza ba ne. A kira mini mai wasan naku."

Washegari Malam Iro ya zo, ya cire takalmi tun daga gindin durumi. Baba Malam ya ce masa sun sa bayin Allah makoki a kan abin da bai faru ba, saboda haka su gyara. Malam Iro ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ai ta riga ta mutu, kowa ya gani."

"Kun binne ta?"

"A'a, daga fita da makara wasan ya ƙare."

"To akwai doguwar suma. Tana cikin littafi."

Haka malamin da bai taɓa kallon talabijin ba ya tsara mana shirin da ya fi kowanne suna. Da na yi arba'in da haihuwa aka sa ni a makara, ni da kaina wannan karon, ba buhun dusa ba. An yi taku goma na yi atishawa. An gaya wa masu ɗauka su ajiye a hankali su gudu, amma Tanimu ya sake shaƙar albasa, ya saki nasa ɓangaren tun daga kafaɗa. Ƙugun nan da kuke ganin ina dafawa, ba tsufa ba ne, Tanimu ne. Na tashi zaune cikin likkafani na dubi 'yan rakiya ɗaya bayan ɗaya na ce, "Duk abin da kuka faɗa a kaina na ji." Daga ranar aka sa wa Gwaggo laƙabin gawa ta ƙi rami, kuma ta ƙara shekaru masu yawa tana raba zumunci kafin a daina shirin.

Iya Hansai ta rayu shekara huɗu bayan nan, duk kaka sai ta aiko mini da daddawa, wai in ga yadda ta gaske take. Da aka aiko ta rasu, na je ƙauyen da kaza a hammata, jikar waccan da ta bari. Na zauna a cikin mata na yi mata Ƙulhuwallahu iya abin da na iya, ban sa albasa a kallabi ba.

Yanzu furfurar tawa ce, tamojin ma nawa ne, in an kira ni aiki ba a ɓata gawayi. Ke mai jan mayafi, da kika ce kin iya kuka, ajiye wayar nan. Ga kwanon sha can a kan randa. Fito daga ɗakin can, ki kawo mini ruwa, ki ce sannu da zuwa. Kuma kada ki kalle ni.